KIWON LAFIYA: Hoton Ciki da Kwanciyar Majiyyaci

A wannan mako za mu yi magana ne a kan hoton ciki da ake ɗauka a asibiti, watau eksire, da abin da ya wajaba majiyyaci ya sani kafin ya hau gadon ɗaukar hoto.

Wani masani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen shi ya gano wannan haske mai ratsa jiki a watan Nuwamba na 1895. Amfaninsa ba ya misaltuwa, amma yana da illa, domin duk inda ya ratsa yakan taɓa ƙwayoyin halitta, in kuwa ya yi yawa yana ƙara hatsarin ciwon daji. Ma'aunin abin da jiki ya sha na wannan haske shi ake kira milisibat. Hoton ƙirji guda wajen 0.02 ne, na ciki kuwa wajen 0.7, watau ninki 35 ke nan. Dalili shi ne ƙirji cike yake da iskar huhu, haske na wucewa a sauƙaƙe, shi kuwa ciki tsoka ce da ruwa da kitse, sai an ƙara wa na'ura ƙarfi. Kada wannan ya firgita kowa, gama ko ba a je asibiti ba mutum yakan sha kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama. Ashe hoton ciki guda rabon wata uku da rabi ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne maimaitawa. Idan kwanciya ba ta yi daidai ba hoto ya lalace, tilas a sake, jiki ya sha ninki biyu a banza. Ƙa'ida ita ce majiyyaci ya kwanta rigingine a tsakiyar gado, ba karkacewa, hannuwa a gefe. Ma'aikaci zai lalubi saman ƙashin ƙugu ya saita hasken a nan, yadda hoto zai kama tun daga tantanin da ya raba ƙirji da ciki har zuwa ƙashin mara, ya kuma tsuke hasken kada ya zarce inda ake bukata. Daga nan sai ya ce a fitar da numfashi a riƙe. Wanda ya motsa a wannan lokaci, hotonsa zai fito dishi-dishi. Bugu da ƙari, a cire jigida da guru da laya da bel da kuɗin aljihu, domin inuwarsu takan rufe abin da likita ke nema.

Wani lokaci likita yakan nemi a ɗauki hoton a tsaye ko a zaune, musamman idan ana zaton hanji ya toshe, ko ya huje kamar yadda zazzaɓin taifot kan jawo. Iskar da ta fita daga hanji sama take tashi, saboda haka akan bar majiyyaci a miƙe kamar minti goma don ta taru a ƙarƙashin tantanin nan. Wanda ya kasa zama, a kwantar da shi a gefen hagu, iskar ta bayyana a saman hanta. 'Yan jinya su yi haƙuri da wannan jira, gama yana cikin aikin.

Sai maganar mata masu juna biyu. A 1956 wata likita a Oxford ta Ingila, Alice Stewart, ta nuna cewa ciwon daji ya fi yawa ga yaran da aka yi wa uwayensu eksire suna ciki. To, duk matar da ta yi ɓatan wata ta faɗa tun kafin ta kwanta, ko da cikin fari ne, kada kunya ta hana ta. Sau da yawa hoton sikanin, wanda da sauti yake aiki, yakan wadatar.

A Nijeriya dokar 1987 ta kafa hukumar rajistar ma'aikatan hoton asibiti, don haka kuna da ikon tambaya ko mai ɗaukar hotonku yana da rajista. Kada kuma ku matsa wa likita sai ya rubuta hoto, kuma in kuna da tsohon hoto ku tafi da shi, wataƙila ya hutar da ku sabo. Allah ya ba mu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.