RA'AYINMU: Turancin da Ke Jikin Kwalba

Ba shakka duk wanda ya tashi a ƙasar Funtuwa ko Malumfashi ya san wannan al'amari. Damina ta faɗi, magidanci ya dawo daga kasuwa da kwalbar maganin feshi, ya kira ɗansa da ya gama sakandare, ya ce, "Karanta mini, murfi nawa za a zuba?" Yaro ya juya kwalba, ya sake juyawa, ya yi shiru. Alhali kuwa yaron nan ya shekara tara ko fiye ana koyar da shi da Turanci. A ƙarshe sai a zuba magani da ka. In ya yi yawa ganye ya ƙone, mai feshi ya kwana da ciwon kai. In ya yi kaɗan tsutsa ta cinye auduga, kuɗi sun tafi a banza.

Tun 1975, da aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, takin zamani da ingantaccen iri da magungunan ƙwari suka yawaita a ƙauyukanmu, daga Bakori har Ƙafur. Kusan dukkansu da Turanci suke magana: adadin da za a zuba, ranar da magani zai lalace, kwana nawa za a jira kafin girbi, da abin da za a yi in ya shiga ido. Haka takardar banki take, haka katin asibiti. A 1976 aka soma shirin ilmin firamare kyauta, 'ya'yan talakawa suka cika azuzuwa. To, ina amfanin ya tsaya?

A ganinmu, laifin yana ga irin Turancin da muke bauta wa. Mun mai da shi kayan ado. Ɗalibi yakan haddace manyan kalmomi don ya ci jarrabawa ko ya burge jama'a a wajen muhawara, amma ka ba shi takardar cike ta rancen noma, sai gumi ya karyo masa. Mu kanmu 'yan jami'a da ƙananan ma'aikata ba mu kuɓuta ba. Sau nawa muka yi wa ƙanenmu dariya don ya yi kuskure, har ya ɗinke bakinsa? Harshe kuwa ba ya zama a bakin mai jin kunya.

Gwamnati ta sha sauya ra'ayi. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen gida kafin a koma Turanci. A 2022 aka amince da harshen gida har ƙarshen firamare, a 2025 kuma aka sanar da soke wannan. Komai aka yanke a Abuja, gaskiya ɗaya ce: yaro daga abin da ya sani yake kama abin da bai sani ba. Ɗan Ɗandume ya riga ya mallaki Turanci mai yawa bai sani ba, domin mota, da tebur, da bokiti, da tikiti, da lita, da galan, duk daga can muka aro su. Daga nan ya kamata a ɗora masa, da bayani cikin Hausa, ba da bulala ba.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ƙungiyoyin 'yan gari. Hutun nan mai zuwa, kowa ya tara ƙannensa goma a zaure bayan la'asar. Littafin karatu ba ya wuya: buhun taki, da kwalin magani, da rasit, da takardar cike. Kalma biyar kowace rana, a faɗe ta, a rubuta ta, a sa ta cikin magana. Cikin wata guda yaro ya sami kalma 150 masu aiki a gona da kasuwa. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Da kuɗin auduga da masara aka kawo yawancinmu nan. Idan digirinmu bai iya karanta wa mahaifinmu kwalba ba, da wane ido za mu dube shi ran da muka koma gida?

Allah ya sa mu gane, amin.