Ra'ayinmu: Tiyatar masu ƙiba na buƙatar ƙwararrun masu sa barci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da matsananciyar ƙiba. Shi ya sa tiyatar rage tumbi ke samun kasuwa, har masu hali ke zuwa Legas, Abuja, Indiya ko Turkiyya a yi musu. Akasarinsu likitan da zai riƙe wuƙa suke bincika, su manta da wanda zai sa su barci, alhali haɗari babba yana wajensa.

Jikin mai ƙiba ba ya karɓar magani kamar na kowa. Idan aka auna allurar furofofol da dukkan nauyinsa, tana iya yin yawa ta karya masa jini, don haka ƙwararru kan auna ta da nauyin jiki ban da kitse. Iskar halotan kan maƙale a kitse ta jinkirta farkawa, shi ya sa aka fi son sebofuluren. Mofin da danginsa kuwa suna rage numfashi, kuma da yawa daga masu ƙiba dama numfashinsu kan ɗauke cikin barci, abin da minshari mai ƙarfi ke nunawa. Saboda haka ake rage mofin, a haɗa da farasitamol da allurar kashe wurin yanka. Bayan aiki a ɗaga kan majinyaci, a sa masa oksijin, a kuma tashe shi ya taka da wuri domin kada jini ya daskare a ƙafa.

Wannan ilimi bai tsaya ga masu kuɗi ba. Mace mai jiki daga Sakwa a Ƙaramar Hukumar Zaki da naƙuda ta gagara, ko magidanci mai teɓa da gwaiwa ta murɗe, irin wannan kulawa suke buƙata idan aka garzaya da su Azare. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ba da shawarar aƙalla likita 5 ga kowane mutum 100,000, amma Najeriya ko ɗaya ba ta cika ba.

Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a Azare a 2021 dama ce ta cike giɓin. Muna kira gare ta da ta ba horar da likitoci da jami'an jinya masu sa barci fifiko. Gwamnatin Jihar Bauchi kuma ta wadata asibitocin ƙasar Katagum da oksijin, na'urar auna iska a jini, da ɗakin farfaɗowa mai ma'aikaci dare da rana.

Majinyaci ma yana da nasa. Kafin ya sa hannu, ya nemi ganin mai sa barcin, ya faɗa masa batun minshari, hawan jini, ciwon suga da duk maganin da yake sha. Ya kuma tambayi wa zai tsare numfashinsa a daren farko.