Sai Jini Ya Yi Shaida Za Mu Yarda?

Akwai cutar da likitoci ke kira ME/CFS, mu ce ciwon gajiya mai naci. Mai ita ko wanka ya yi, yana iya kwanciya kwana biyu, kai ya yi dum, barci kuma ba ya wartsakar da shi. Tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan jijiyoyi, amma har yau babu gwajin jinin da aka amince yana nuna ta.

Rigimata da masu fakewa da wannan giɓin ne, suna cewa tun da ba a ga komai a jini ba, to ragwanci ne. Mu ma mun san halin: a auna maleriya, a auna taifot, in ba a gani ba sai a ce son jiki ne ko iska. Ina tambayarku, wane gwajin jini ne ke nuna ciwon ɓarin kai? Babu. Wa ya taɓa ce wa mai shi maƙaryaci?

Masu bincike ba su zauna ba. A 2019 Farfesa Ron Davis na Jami'ar Stanford a Amurka, wanda ɗansa ke kwance da cutar, shi da abokan aikinsa suka zuba wa ƙwayoyin jini gishiri don su takura su. Na marasa lafiya 20 duk suka bambanta da na masu lafiya 20. Abin farin ciki ne, sai dai mutum 40 sun yi kaɗan a yanke hukunci. Kada mu manta, a 2009 mujallar Science ta buga cewa an gano ƙwayar XMRV a jinin masu cutar. A 2011 aka janye binciken, domin gurɓatar ɗakin gwaji ce. Sauri ya haifi nawa, marasa lafiya kuma suka kwashi takaici.

Don haka gwamnatoci su zuba kuɗi, a gwada dubban mutane, a kwatanta da masu wasu cututtukan, kafin wani kamfani ya fara sayar wa mutane gwaji. Amma kada a ɗaura yarda da mara lafiya a kan sakamakon. Tun 2021 Ingila ta daina ba da shawarar a riƙa ƙara musu motsa jiki, bayan sun daɗe suna kukan yana ƙara kwantar da su.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya faɗa, a saurare shi.