Kafin Yarinya Ta Bi Hanyar Motar Albasa

'Yan'uwa manoma, akwai wata magana da ba mu cika kawowa a taron ƙungiya ba, watau maganar 'yan matanmu masu tafiya aikatau. Mukan yi awa biyu muna gardama a kan taki da bashin injin ban-ruwa. Buhun albasa ba ya barin Aliero sai an ƙirga shi, an sa masa alamar mai shi, an san direba, an san dillalin da zai karɓa a kasuwar Mile 12 ta Ikko, an kuma san lokacin da kuɗi zai dawo. Amma yarinya takan bi hanyar nan, ta Jega da Maiyama da Koko da Yawuri har Kwantagora, ta ƙetare kogin Kwara a Jebba, ba wanda ya rubuta ko sunan unguwar da za ta sauka. Abin da iyaye suka riƙe kawai shi ne maganar matar da ta zo ɗaukarta: "Gidan mutanen kirki ne."

Ba mu ce kada kowa ya tafi ba. Mun san abin da ke tura su. Akwai kayan ɗaki, akwai kuɗin makarantar ƙanne, akwai kuma shekara irin ta 2020 da ambaliya ta cinye shinkafar fadama a Jihar Kebbi, ta bar magidanta da bashi. Abin da muke cewa shi ne, yadda ake tafiyar ba daidai ba ne, kuma gyaransa yana hannunmu.

Ba mu kaɗai ne ke tura 'ya'ya gidan wasu su yi reno ba. Turawa ma suna yi. Suna kiran irin wannan yarinya au pair, kalmar Faransanci ce mai nufin daidai wa daida, domin ana so a ɗauke ta kamar 'yar gida, ta ci abinci tare da masu gida. Tun 1969 Majalisar Turai ta rubuta yarjejeniya a kan wannan a birnin Strasbourg. Bari mu duba yadda abin yake a Jamus, inda matasa daga ƙasashe da yawa, har da na Afirka, sukan tafi.

Kwanakin farko a can ba su da daɗi. Yarinya ta sauka cikin sanyin da bai da kama da hunturunmu. Da yamma ta jira tuwo ko wani abu mai zafi, sai ta ga an ajiye burodi da cuku da nama mai sanyi, an ce abincin dare ke nan. Shara ma ba a zuba ta wuri ɗaya: takarda daban, kwalba daban, ragowar abinci daban. Ran Lahadi kantuna a rufe. In an ce ƙarfe bakwai, to, bakwai ɗin ake nufi. Mu mun koya wa 'ya'yanmu su sunkuyar da kai in babba yana magana, su kuwa Jamusawa in ba ka dube su a ido ba sai su zaci kana ɓoye wani abu. Ɗan shekara huɗu da aka ba ta reno ya fi ta jin Jamusanci, yana yi mata dariya yana gyara mata magana. Da dare ta shiga ɗaki, gida tsit, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce sannu da zuwa. Kewar gida ɗaya ce, ko a Jamus ko a Ibadan.

To, ina bambancin? Ba wai Bature ya fi mu tausayi ba ne. A can ma akwai masu gida da ke mai da yarinya baiwa, ana kuwa kai ƙara. Bambancin shi ne an gama magana tun kafin ta ɗaura ɗankwali. Ba a ba ta izinin shiga ƙasar sai ta cika shekara 18, kuma ba ta kai 27 ba. Sai ta nuna ta iya ɗan Jamusancin da za ta gaisa, ta yi tambaya, ta ce ba ta da lafiya. Akwai takarda da ita da masu gida suka sa hannu: aiki ba zai wuce awa 6 a rana ba, ko awa 30 a mako, tana da ɗakinta, tana da ranar hutu kowane mako, masu gida ne za su biya mata inshorar asibiti, su kuma taimaka da kuɗin ajin koyon harshe. Kuɗin aljihu, a shekarar 2023, Yuro 280 ne a wata, a hannunta. Zaman kuwa ba ya wuce shekara guda. Saboda haka ranar da uwar gida ta ce ta yi wanki har tsakar dare, tana da abin da za ta nuna.

Yanzu mu juyo ga tamu. Sau da yawa ba ta kai sha huɗu ba. An sauke ta a gidan da ake Yarbanci ko Turanci, ba ta jin ko ɗaya. Ba ta taɓa kunna murhun gas ba, ba ta san abin da ake sa wa a firji da wanda ba a sa wa ba. A makon farko ne take fasa faranti, ta ƙona riga da dutsen guga, ta sa gishiri inda ba a so. A makon nan ne kuma masu gida ke yanke mata hukunci, su ce sakarai ce ko mai taurin kai, alhali ba ta gane abin da aka ce ba ne. Daga nan sai zagi, sai mari, sai a fara cire kuɗin abin da ta fasa daga albashin da ita ba ta ma san nawa ne ba, gama matar da ta kawo ta ce ke karɓa. Tana kwana a kicin ko a ƙasan ɗakin yara. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. In an tambaye ta ta waya, uwar gida tana tsaye a kanta, me za ta ce ban da "lafiya lau"?

Ya kamata mu san abin da doka ta ce. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Wanda ya ɗauka, da wanda ya kai, da wanda ya ba da haya, duk laifinsu ɗaurin wata 6 ne har zuwa shekara 3. Hukumar NAPTIP mai lura da wannan tana da ofishi a Sakkwato. Amma mu a ganinmu sha biyu ma ƙuruciya ce ƙwarai. Kuma mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa a 2024 bai shafi 'yar aiki ba, domin dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ke nan in ba mu tsaya wa 'ya'yanmu ba, ba mai tsaya musu.

Ga shawararmu. Kowace ƙungiya tana da magatakarda da littafi. A buɗe shafi ɗaya a bayan littafin saboda 'yan aikatau. Kafin yarinya ta tafi, matar da ta zo ɗaukarta ta zauna gaban iyaye da shaidu biyu na ƙungiya, a rubuta sunan mai gida, da gari da unguwa da lambar waya, da irin aikin, da inda za ta kwana, da albashi da wanda zai riƙe shi, da ranar dawowa. A rubuta cewa za a bar ta ta je sujada ko salla, gwargwadon addininta. Wadda ta ƙi a rubuta, ta riga ta ba mu amsa, sai ta koma ita kaɗai.

Abin da ya fi takardar ma muhimmanci shi ne a sami mai leƙa ta a makon farko. Wannan ba zai gagare mu ba. 'Yan kasuwar albasarmu suna Ikko da Ibadan da Anaca kowane lokaci, akwai kuma ikilisiyoyi masu sujada da Hausa a manyan biranen kudu. Wasiƙa ɗaya zuwa ga shugabar zumuntar mata ta can ta isa a sami uwar da za ta je gidan, ta ga yarinyar ita kaɗai, ta ji daga bakinta da harshenta. Masu gidan da suka ga yarinya tana da mutane sukan yi hattara. Matan da suka taɓa yin aikatau suka dawo kuwa, su zauna da masu shirin tafiya, su koya musu gaisuwa da ƙirge da Yarbanci ko Turanci, da yadda ake kashe gas.

Saura magana ɗaya ga 'yan matanmu da suka gama sakandare, waɗanda ke ganin tallar aikin reno a Jamus cikin waya. Hanyar gaskiya tana bi ta koyon Jamusanci da jarrabawa, wadda cibiyar Goethe da ke Ikko take shiryawa, sa'an nan takardar yarjejeniya daga masu gidan, sa'an nan biza daga ofishin jakadancin Jamus. Wanda ya ce a biya shi a asirce, ko a ba shi fasfo ya riƙe, ko kuwa za a bi ta Agadas a mota a gyara takardu a gaba, a kawo sunansa gaban ƙungiya tun ba a sayar da albasar rumbu an ba shi ba.