Cacar poka a waya: Ƙwarewar da ake tallata wa matasan karkara

A ranar 22 ga Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, inda ta ce Majalisar Tarayya ba ta da hurumin yi wa jihohi doka kan caca, kuma dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta aiki sai a Birnin Tarayya Abuja. Tun daga ranar alhakin ya koma wuyan gwamnoni da majalisun jihohi. Wata guda kafin hukuncin, Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo kimanin 30, matakin da jama'a da dama suka yaba. Sai dai shago ake iya garƙame wa kwaɗo, ita kuwa cacar ta daɗe da komawa cikin aljihun wando.

Abin da ya sa muka tayar da maganar shi ne kuɗin kaka. A yankin noma na kudancin Jihar Katsina, daga Funtuwa zuwa Bakori da Ƙafur da Malumfashi da garuruwa irin su Karfi, kuɗin shekara guda cikin 'yan makonni yake shigowa, idan an sussuke masara, an casa waken suya, an kai auduga ma'auni. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, cinikin hatsi da yawa ya koma na turawa ta banki. Dattijon da bai iya latsa waya ba, lambar asusun ɗansa yake sa a bai wa ɗan kasuwa. Wato kuɗin takin baɗi da na makarantar ƙannai da na kayan ɗakin budurwar gidan duk suna kwana a wayar saurayi ɗan shekara 20, wayar da tallar caca ke shigowa cikinta dare da rana.

Gaskiya ne cacar ƙwallo da ta ɗan jirgin nan mai tashi ya ɓace su ne suka fi cin kuɗin matasanmu. Poka, wato kartar Turawa da ake bugawa da baƙi ta intanet, ba ta kai su yawa ba. Duk da haka muna ganin ta cancanci a tsaya a kanta, domin da hujja take zuwa, kuma hujjar ta fi kama yaro mai kaifin basira, wanda ya ci lissafi a makaranta, wanda ke raina masu cacar ƙwallo yana cewa sa'a suke jira. Shi an gaya masa cewa wannan wasan ƙwarewa ne, mai karatun hannun abokin hamayya shi ke ci. Wanda zai yi masa nasiha dole ya san abin da yake magana a kai, in ba haka ba yaron zai saurare shi cikin ladabi, ya koma ɗaki ya ci gaba.

Ga yadda wasan yake a nau'in da ya fi shahara, wanda ake kira Texas Hold'em. Kati 52 ne. Ana raba wa kowa guda biyu a rufe, sannan a buɗe guda biyar a tsakiya daki-daki: uku a tashin farko, sai ɗaya, sai na ƙarshe. A kowane mataki ana zuba kuɗi. Idan wani ya zuba, na kusa da shi yana da zaɓi: ya bi da daidai abin da aka zuba, ko ya ƙara, ko ya ajiye katinsa ya haƙura da abin da ya riga ya sa. Kati biyun farko suna iya zuwa ta hanyoyi 1,326. Abin da ake kira karatun hannu shi ne mutum ya riƙa rage wannan adadi a kansa: wanda ya zuba da yawa tun farko, da wuya tarkace yake riƙe da su, wanda ya yi shiru sai a katin ƙarshe ya yi tsalle, ko dai katin ya gyara masa hannu ko kuma burga ce kawai.

Shawarar bi ko ajiyewa kuma lissafi ce zalla. A ce akwai Naira 10,000 a tsakiya, abokin wasa ya ƙara 5,000. Kai ma 5,000 za ka sa, tulin ya zama 20,000. Ke nan sai in kana cin irin wannan zagaye aƙalla sau ɗaya cikin huɗu, kashi 25 cikin 100, sannan bin zai zama ba asara. A ce kuma kana da kati huɗu masu zane iri ɗaya, biyu a hannunka biyu a tsakiya, kana jiran na biyar a buɗewar ƙarshe. Kowane zane kati 13 ne, saura tara cikin 46 da ba ka gani ba. Tara cikin 46 bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Lissafi ya ce ka ajiye. Zuciya kuwa cewa take yi saura ƙiris.

Ba za mu musa cewa akwai ƙwarewa a nan ba. Akwai, kuma a duniya akwai 'yan tsirarun da suke cin abinci da ita. Labarin da ake yawan bai wa sababbin shiga ma gaskiya ne: a 2003 wani akanta ɗan Jihar Tennessee ta Amurka mai suna Chris Moneymaker ya shiga gasa a intanet da kuɗin da bai kai Dala 100 ba, ya samu kujera a babbar gasar duniya ta birnin Las Vegas, ya doke mutum 838, ya tafi da Dala miliyan biyu da rabi. Wannan labari ne ya jawo miliyoyin mutane cikin wasan. Abin da ba a faɗa shi ne, fiye da shekara 20 ke nan, kuma teburin da ya zauna a kai ba shi ne na yau ba.

A watan Janairun 2017, wata manhaja mai suna Libratus da masana a Jami'ar Carnegie Mellon suka ƙirƙira ta zauna da ƙwararru huɗu a birnin Pittsburgh na tsawon kwana 20, aka buga zagaye 120,000, ta lallasa su. A 2019 wata mai suna Pluribus ta yi irin haka a tebur mai mutum shida. Yau manhajojin da ke lissafa wa mutum abin da ya dace ya yi a kowane mataki a kasuwa suke, wanda ke da kuɗi zai saya. Manyan kamfanonin poka da kansu sun haramta amfani da su a lokacin wasa, suna kuma rufe asusun waɗanda suka kama, wanda hakan shaida ce cewa ana yi. To saurayin da ke zaune a kan dakali a Karfi, da ƙaramar waya da sabis mai zuwa yana ɗaukewa, hannun wa yake karantawa? A kartar majalisa da muka sani kana ganin idon mutum, kana ganin gumin goshinsa da rawar yatsunsa. A nan suna ne na bogi da ɗan hoto. Mai yiwuwa mutum ne a wata nahiya da ke buga tebur goma a lokaci guda, yana da tarihin duk zagayen da kuka taɓa bugawa tare a kwamfutarsa. Mai yiwuwa mutum biyu ne a teburin suna gaya wa juna katinsu ta wata wayar. Mai yiwuwa ba mutum ba ne sam.

Ko da an ɗauka kowa a teburin mai gaskiya ne kuma ƙarfinsu ɗaya, akwai la'ada. Mai shafin ba ya wasa da kowa, amma yana yankar wani kaso daga tulin kuɗin kusan kowane zagaye, galibi wajen kashi biyar cikin 100 a ƙananan tebura. Mu yi misali. Mutum shida sun zauna da Naira 10,000 kowannensu, jimla 60,000. A ce kowane tuli 4,000 ne, la'adarsa 200. Wasan intanet yana da sauri, ba a jiran a tattara kati a gauraya, don haka zagaye 50 a awa guda ba wani abu ba ne. Naira 10,000 ke nan a awa. Cikin awa shida, in ba wanda ya tashi, kuɗin da suka zo da shi gaba ɗaya ya koma wurin mai shafin, su kuma suna can suna zargin juna da sa'a. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saboda haka fin abokan wasa iyawa bai isa ba, sai ka fi su da ratar da ta zarce la'ada, kuma ka yi ta riƙe wannan rata tsawon dubban zagaye.

Sai kuma amanar shafin kansa. A 2007 'yan wasa suka bankaɗo cewa a shafin Absolute Poker akwai asusun da ke ganin katin kowa a rufe, a shekarar da ta biyo baya aka tabbatar da irin haka a UltimateBet. A ranar 15 ga Afrilun 2011 hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin manyan shafuka uku, daga baya masu gabatar da ƙara suka ce ɗaya daga cikinsu, Full Tilt Poker, 'yan wasa na bin sa kimanin Dala miliyan 390 alhali abin da ke asusunsa bai wuce kimanin miliyan 60 ba. Da yawa sun samu kuɗinsu, amma bayan shekaru, kuma don kotunan Amurka sun iya kamo masu kamfanin. Ɗan Malumfashin da shafin da ke rajista a wani tsibiri ya riƙe wa kuɗi, gaban wane alƙali zai kai ƙara? Ba ma zai iya gaya wa mahaifinsa ba.

Wurin da aka fi yin asara shi ne daidai wannan mataki na ajiyewa. Duk littafin koyar da wasan yana cewa kuɗin da ka riga ka zuba ba naka ba ne, kada ka sa shi a lissafi. Manomi ya san wannan tun kafin a ƙirƙiri poka. Idan wuta-wuta ta cinye gonar dawa, ko tsutsa ta gama da masara, ba ya ƙara zuba buhun taki don kawai ya riga ya zuba biyu, yakan juya takin zuwa gonar da ke da rai. Amma manomi yana da kwanaki ya yi tunani, yana da maƙwabcin da zai leƙa gonar ya ba shi shawara. Ɗan wasan intanet daƙiƙoƙi ake ba shi, agogo na ƙirgawa a fuskar waya, da ƙarfe biyun dare, bayan ya riga ya taɓa kuɗin da ba nasa ba. A wannan hali ba lissafi yake yi ba, ramuwa yake nema. Buhu biyu sun tafi, sai ya sa na uku don ya dawo da su kafin Baba ya tambaya. A shekarar da masara ta faɗi warwas a kasuwa taki kuma ya ƙi saukowa, kamar yadda manoma suka gani a 2025, buhu ukun nan su ne bambancin gidan da zai yi noma baɗi da wanda zai ba da jinginar gona.

Hukuncin addini a kan caca ba ɓoyayye ba ne, ayoyin Suratul Baƙara da Ma'ida sun yi bayani, kuma Katsina na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000. Matasan nan sun san haramun ce. Abin da aka yi musu shi ne an canza mata suna, an ce wasan basira ne kamar dara. Muna roƙon malamai masu wa'azi su nemi sanin yadda abin ke aiki, su amsa wannan shubuha da hujja. Malaman lissafi na sakandare ma suna da rawar takawa: darasin yiwuwar aukuwar abu yana cikin manhajar karatu, kuma misalin la'adar nan ya fi jefa kwabo sama amfani ga ɗalibi.

Ga Majalisar Dokokin Jihar Katsina, hukuncin Kotun Ƙoli ya ba ta wuƙa da nama. Ana buƙatar doka da ta ambaci cacar intanet ƙarara, da tallarta, da dillalan da ke karɓar kuɗin matasa suna loda musu asusu. Mun san jiha ba ta da ikon toshe shafi ko tsayar da hada-hadar banki, wannan aikin Hukumar Sadarwa ta NCC ne da Babban Bankin Najeriya, don haka sai gwamnonin Arewa sun tafi da murya ɗaya. Hukumar Hisba da gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa tana iya fara wa da dillalan, amma muna jan hankalinta kada a mayar da aikin na bincika wayoyin mutane a kan titi, domin wannan ƙofa ce ta cin zarafi. Yaron da ya riga ya kamu kuwa magani yake buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, kuma ya kamata a ce a manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi akwai wanda uba zai kai ɗansa wurinsa ba tare da an yi masa dariya ko an kira 'yan sanda ba.

Akwai kuma abin da ba ya jiran gwamnati. Ƙungiyoyin manoma da shugabannin kasuwannin hatsi su taimaka wa dattawa su buɗe asusu da sunansu kafin kaka, saƙon shigar kuɗi ya riƙa zuwa wayar mai gonar ko da ƙaramar waya ce mai madannai. Inda dole sai an bi ta asusun ɗa, a cire kuɗin a ranar, ko a sayi takin baɗi a ajiye, ko a sa wani babba na biyu ya san adadin da ya shigo. Wasu iyayen za su ji nauyi, su ga kamar sun nuna ba su yarda da ɗansu ba. Ai ko amintaccen yaron shago, da yamma akan zauna da shi a ƙirga ciniki.