Katin Kanti Ba Kyautar Marubuci Ba Ne

Abin kunya ne a ce mu marubuta, da alƙalami ne jarinmu, Kirsimeti ta zo mu ruga kanti sayen katin gaisuwa mai hoton dusar ƙanƙara da baitocin Turanci. Ina dusar ƙanƙara a Wusasa ko Kafanchan? Mu dai hunturu muka sani. Shi wannan kati tun asali haja ce: a Landan Henry Cole ya sa aka buga shi a 1843, ana sayarwa sule guda.

Masu cewa wai kyautar aikin hannu rowa ce, muna tambayarsu: wa ya fi ɗawainiya, wanda ya zaro kuɗi ya miƙa, ko wadda ta yi mako tana saƙa wa gwaggonta faifai?

Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa, to gaisuwar baiti huɗu ce za ta gagari harshen? Kafin 25 ga Disamba kowannenmu, Kirista da Musulmi, ya yanki takarda ya tsara wa ɗan'uwa ko maƙwabci baitoci da sunansa a ciki. In mun ƙi, kada mu ƙara kukan ba a karanta Hausa.