Tarbiyya a Gida: Wasan Bidiyo da 'Ya'yanmu

Ya ku iyaye, duk wanda ya ratsa lungunan Briqueterie bayan an tashi daga makaranta zai ga samari cunkushe a ɗakunan PlayStation, wasu kuma sun duƙufa kan waya har tsakar dare. Wasa a kan kansa ba aibu ba ne. Abin dubawa shi ne abin da ya ture.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka. Alamominta uku: kasa dainawa, fifita wasa kan sauran lamura, da ci gaba duk da cutarwar ta bayyana, galibi har tsawon wata 12.

Saboda haka ku tambayi kanku: Asuba tana wuce shi? Ina kuɗin karin kumallonsa ke ƙarewa? Shirin BEPC ko Probatoire ya tsaya? Duka kan koya wa yaro ɓoyewa ne kawai. Ku ƙayyade lokacin wasa tare da shi, waya ta kwana a ɗakinku, lokacin hutu kuma a kai shi shagon ɗinki ko filin ƙwallo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.